Shaidar Alƙalami a Kan Gumin Lebura

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya ɗaga sama Ya kafa ma'auni, Ya haramta zalunci a kan kanSa, Ya kuma haramta shi tsakanin bayinSa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, wanda ya yi wa mutanen Makka kiwon tumaki a kan lada 'yar kaɗan kafin a aiko shi, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ka sani ya ɗan'uwa mai karatu, a ƙarni na 19 wani irin rubutu ya ɓulla a Ingila, ya kuma yi ƙarfi a Faransa da Amurka, wanda masu shi suka juya wa labaran sarakuna da jarumai baya, suka fuskanci mutumin da ƙararrawar ma'aikata ke tayarwa tun da duhu. Shi ne leburan masaƙa, da mai haƙar kwal, da mai fiɗa a mayanka. Masana suna kiran wannan hanya adabin zahiri, domin marubucin yakan ɗaure kansa da faɗin rayuwa yadda take, har da abin da ido ba ya son gani. Da yawa cikinsu ba nunawa kaɗai suka nufa ba, so suke a gyara. Abin da nake riƙe da shi shi ne, waɗannan mutane shaida suka bayar, kuma da ma'aunin shaida ya dace a auna su: me mutum ya gani, me ya ɓoye, kuma ko ya yi wa wanda yake ƙi adalci.

Mu fara da garin da abin ya fi ƙamari. A shekarar 1801 mutanen Mancesta kusan 75,000 ne, amma kafin 1851 sun haura 300,000. Auduga da injin tururi ne suka tara su. Masaƙin da a da yake aiki a ɗakinsa, ya tashi sa'ad da ya so, ya huta sa'ad da ya gaji, inji ya karya masa kasuwa, dole ya kwashi iyalinsa ya zo ya sayar da ƙarfinsa a ƙofar wani. Aikin awa 12 ko fiye ne a rana, kwana shida a mako, maza da mata da ƙananan yara. A 1842 wani ma'aikacin hukuma mai suna Edwin Chadwick ya fitar da rahoto a kan tsabta da lafiyar talakawa, ya nuna cewa matsakaicin shekarun mutuwa a gidajen leburorin Mancesta 17 ne, a gidajen manyan garin 38, alhali leburan karkara a yankin Rutland ma yana kaiwa 38 ɗin. Yawan mutuwar jarirai ne ya ja lissafin ƙasa haka. Sai dai mutum yana iya karanta wannan lissafi ya ci abincinsa ya yi barci, don lamba ba ta da suna, ba ta da uwa mai kuka. Ta nan marubucin labari ya sami ƙofar shiga.

Mai tsantseni zai tare ni ya ce: yaya za a kira ƙagaggen labari shaida, alhali mutanen ciki ba a taɓa haifarsu ba? Tambaya ce mai nauyi, kuma malamai sun yi magana a kanta tun da daɗewa. Ƙarya ita ce ka ba mutum labari kana so ya ɗauka ya faru alhali bai faru ba. Wanda ya buga misali kuwa, shi da mai sauraronsa duk sun san misali ne. Muƙamar Hariri da ake karantawa a zaurukanmu, Abu Zaid da Harisu ɗan Hammamu da ke cikinta ƙago su aka yi, kuma Hariri da kansa ya kare aikinsa da cewa ba shi da bambanci da hikayoyin da ake sawa a bakin dabbobi don koyar da hankali. Saboda haka sunan mutum a labari ba shi ne wurin gaskiya da ƙarya ba. Wurinsu shi ne halin da aka siffanta. Idan marubuci ya ce yara suna kwana da yunwa a unguwa kaza, ko mai masaƙa yana zaftare lada da sunan tara, to a nan ya shiga sahun masu shaida, kuma za a tambaye shi.

Wadda na fi ganin ta cika sharaɗi a cikinsu ita ce Elizabeth Gaskell, matar wani limamin coci a Mancesta. Aikin mijinta ya sa ta saba da shiga lungunan talakawa a shekarun yunwa na farkon 1840. A 1845 ɗanta jariri ya mutu da zazzaɓi, mijin ya ba ta shawara ta yi rubutu ko baƙin cikin ya ragu. Abin da ya fito shi ne Mary Barton, wanda aka buga a 1848 ba tare da sunanta ba. Uwa ce da ta binne ɗa take rubutu a kan iyayen da ke binne 'ya'ya, kuma mai karatu yana jin haka a kowane shafi.

Ginshiƙin labarin shi ne John Barton, ma'aikacin masaƙa mai tausayi, wanda ɗansa ya mutu a lokacin da aiki ya tsaya, likita ya ce abinci mai gina jiki ne maganinsa, shi kuwa ba shi da ko kwabo. Akwai wurin da aka kira shi gidan wani abokin aiki mai suna Davenport, ɗaki a ƙarƙashin ƙasa, ruwan kwata yana tsattsafowa ta daɓe, maigidan yana kwance da zazzaɓi a kan ciyawa, yara suna birgima a jiƙaƙƙen ƙasa. Barton ya koma gida ya ɗauki rigarsa ta fita, ya kai jingina, ya sayo burodi da kwal. Washegari wani abokinsa ya tafi gidan mai masaƙa neman takardar asibiti, ya zauna a kicin cikin ƙanshin soye-soye da yunwa a cikinsa. Gaskell ba ta yi wa'azi a wannan wuri ba, ta ajiye gidajen biyu kusa da juna ta bar mai karatu da zuciyarsa. Daga nan Barton ya bi wakilan ma'aikata zuwa Landan da takardar koke, majalisa ta ƙi sauraronsu, ya dawo wani mutum dabam. Ranar da aka zauna sulhu a kan yajin aiki, ɗan mai masaƙa ya zana hoton wakilan leburori a takarda yana yi wa ramarsu dariya. Suka tsinci takardar, suka yi ƙuri'a a kan wanda zai kashe shi, ta faɗa wa Barton.

Abin da ya ɗaga darajar littafin a wurina shi ne, marubuciyar ba ta wanke kisan ba, ba ta kuma yarda a manta da abin da ya haife shi ba. Ta nuna yadda jinin ya cinye mai zubar da shi har ya zama gawa mai tafiya, ta nuna uban yaron da aka kashe yana kuka irin kukan da Barton ya yi wa nasa ɗan, har kowannensu ya gane mutum a fuskar ɗayan. Masu masaƙu na Mancesta sun fusata, wasu suka rubuta cewa ta zalunce su, ta ɗauki ɓangare ɗaya. Ba ta janye ba, amma ta sake duba al'amarin. A littafinta na North and South, wanda ya kammala fitowa a 1855, ta tsayar da mai masaƙa John Thornton, mutum mai taurin kai amma mai gaskiya, da bashi a wuyansa da kasuwa mai hawa da sauka, ta tsayar da ɗan ƙungiyar ƙwadago Nicholas Higgins a gabansa, kowa da hujjarsa. Alƙur'ani mai girma, a cikin Suratul Ma'ida, ya hana ƙiyayyar wasu mutane ta sa mu bar adalci. Wannan mata ba ta karanta ayar a allo ba, amma ta yi aiki da ma'anarta fiye da yawancin masu alƙalami.

A North and South ɗin ne akwai wata yarinya 'yar shekara 19, Bessy, wadda ƙurar auduga ta cika wa huhu a ɗakin shiɓa har ta kashe ta. Tana ba da labari cewa akwai wata babbar fanka da ake iya sawa ta janye ƙurar, amma tana da tsada, masu masaƙa ƙalilan ne suke sa ta. Sannan wasu leburorin ma ba sa son a sa, domin sun saba haɗiye ƙurar tana tare musu yunwa, in an janye ta sai cikinsu ya fi neman abinci. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Irin wannan ba a ƙago shi a kan tebur, sai wanda ya zauna da mutane ya saurare su.

Charles Dickens ya fi ta suna nesa ba kusa ba, kuma ya ɗanɗana wahala da jikinsa. Yana ɗan shekara 12 aka kulle mahaifinsa a kurkukun masu bashi, shi kuma aka kai shi aikin manna takarda a kwalaben man goge takalmi. A Hard Times na 1854 ya zana garin hayaƙi da jan bulo inda ake lissafa ma'aikata a matsayin hannuwa kawai, ya kuma yi kaca-kaca da ilimin da ba ya ganin komai a ɗan Adam sai riba da asara. Wannan ya yi kyau. Amma akwai inda shaidarsa ta tawaya. A watan Janairu na 1854 ya je garin Preston, inda ma'aikatan masaƙu suka yi watanni ba aiki suna neman a mayar musu da kashi 10 cikin 100 na ladan da aka rage. Ya halarci taronsu, ya rubuta a mujallarsa cewa mutane ne masu natsuwa da tsari. Da ya zo rubuta labari kuwa, sai ya mai da jagoran ƙungiya mayaudari mai kumfar baki, ya mai da leburan kirki wanda ya ƙi shiga ƙungiya. Ya ga abu da idonsa ya bar shi a waje, don yana tsoron talakawa in sun haɗa kai. Ƙarshen Suratul Baƙara ya yi gargaɗi mai tsanani a kan ɓoye shaida, kuma girman suna ba ya sauke wa marubuci wannan nauyi.

A Faransa, Émile Zola ya ɗauki gani ya kori ji da gaske. A 1884, ana cikin yajin aikin mahaƙan kwal na Anzin a arewacin ƙasar, ya je ya shiga gidajensu, ya sauka cikin rami da kansa, ya cika littattafai da abin da ya gani. Germinal ya fito a 1885. Asalin rikicin da ke ciki abu ne da duk wanda ya karanta Suratul Muɗaffifina zai gane: kamfani ya sauya yadda ake biyan kuɗin amalanken kwal da na kafa katakon tokare rami, ya ce ba a rage komai ba, alhali in an lissafa an rage. Ga tara a kan kowane kuskure, ga amalanken da ake ƙin karɓa a ce da duwatsu a ciki. Iyalin Maheu suka shiga yajin, sojoji suka harbe maigidan, yunwa ta kashe wata ƙaramar 'yarsu, babbar ta mutu a rami bayan ruwa ya cika shi, uwar kuma a ƙarshe ta koma aikin rami da ya cinye mata gida don ta ciyar da ragowar. A gefe guda ga wasu dattawa masu hannun jari, mutane masu fara'a da sadakar tsofaffin tufafi, waɗanda ba su taɓa tambayar daga ina ribarsu ke zuwa ba. Ido kam Zola yana da shi. Inda na rabu da shi shi ne aƙidarsa cewa mutum ɗan gadon jini ne da muhalli kurum, ana jansa kamar yadda ake jan dabba. Wanda ya cire wa lebura zaɓi da ruhi ya rage masa wani abu da ya fi lada, ko da tausayi ya yi hakan. Akwai kuma wuraren da ya yaye suturar da babu larurar yaye ta. Duk da haka, ranar jana'izarsa a 1902 wakilan mahaƙan kwal sun bi gawarsa suna kiran sunan littafin, kuma su ne suka fi kowa sanin ko ya faɗi gaskiya a kansu.

To, shin waɗannan littattafai sun gyara wani abu? A nan ya kamata a yi hattara da zuzutawa. Dokar Ingila ta 1833, wadda ta hana ɗaukar yaron da bai kai shekara 9 ba a masaƙa ta kuma naɗa sufetoci huɗu, da dokar 1842 da ta hana mata da yara 'yan ƙasa da shekara 10 shiga ramin kwal, da dokar awa 10 ta 1847, duk sun riga Mary Barton fitowa. Kwamitocin ma'aikata ne suka yi fafutukarsu, da mutane irin su Lord Ashley a majalisa, da John Fielden wanda shi kansa mai masaƙa ne. Aikin labari ya fi doka jinkiri. Shi ne yake sa matar attajiri da ɗan majalisa su kasa sake kallon lebura a titi kamar ba mutum ba.

Inda littafi ya haifi doka kai tsaye kuwa, darasin da ke ciki mai ɗaci ne. A 1904 Upton Sinclair ya yi mako bakwai a unguwar mayankan Shikago cikin tufafin leburori. The Jungle ya fito littafi a 1906, labarin wani baƙo daga Lituwaniya mai suna Jurgis, ƙaƙƙarfa mai ganin ƙarfinsa zai ishe shi. Aka yaudare su a cinikin gida, ya ji rauni a wurin aiki aka maye gurbinsa, shugaban aiki ya keta mutuncin matarsa, ta mutu wurin haihuwa, ɗansa ya nitse a kududdufin titi. Wannan shi ne abin da Sinclair ya so a ji. Amma a cikin littafin akwai 'yan shafuka da suka bayyana yadda ake niƙa ruɓaɓɓen nama da matattun ɓeraye a cusa a kayan sayarwa. Nan jama'a suka tsaya. Cinikin nama ya faɗi, Shugaba Theodore Roosevelt ya aika masu bincike suka tabbatar da ƙazantar, kuma ranar 30 ga Yuni 1906 ya sa hannu a kan dokar duba nama da dokar tsabtar abinci da magunguna. Babu abin da dokokin nan suka ce a kan ladan Jurgis ko awoyin aikinsa. Sinclair da kansa ya koka cewa zuciyar mutane ya nufa, sai ya sami cikinsu. Dokar mafi ƙarancin albashi ta tarayyar Amurka sai a 1938 ta zo. Mai shaida faɗa ce tasa, abin da masu ji za su ɗauka ba ya hannunsa, kuma mutane sukan ɗauki abin da ya shafi tukunyarsu.

Akwai kuma shaidar da marubutan Ingila suka yi wa gajeren kallo. Audugar da Bessy ke haɗiyar ƙurarta, mafi yawanta daga kudancin ƙasar Amurka take zuwa, inda bayi kusan miliyan 4 suke a 1860, jikokin mutanen da aka kwasa daga Afirka. Labarin masaƙa yakan fara ne daga ƙofar masaƙa, ba ya komawa gona. Da 'yan Afirka suka riƙe alƙalamin da kansu sai abin ya sauya, don mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Sembène Ousmane na Senegal ɗan dako ne a tashar jirgin ruwa ta Marsai kuma ɗan ƙungiyar ƙwadago. Littafinsa na 1960 a kan yajin ma'aikatan jirgin ƙasa na Dakar zuwa Bamako, wanda aka yi daga Oktoba 1947 zuwa Maris 1948, ya nuna leburori suna shawara, suna saɓani, suna yanke hukunci da kansu, mata kuma suna riƙe da gari. Ya saka limamin da ya goyi bayan hukuma, ya kuma saka dattijo mai ibada wanda aka wulaƙanta a tsare bai bar sallarsa ba. Musulmi zai ji zafin na farkon, amma ba zai ce ba a taɓa ganin irinsa ba.

Kada wani ya ce me ya haɗa mu da yabon waɗanda ba addininmu ɗaya ba. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yabi alkawarin da Ƙuraishawa suka ƙulla tun zamanin jahiliyya a gidan Abdullahi ɗan Jud'an na taimakon wanda aka zalunta. Abin da ya kamata ya dame mu shi ne, abin da waɗancan suka yi ta lalube da alƙalami, mu an ba mu shi a bayyane. Bukhari ya ruwaito cewa cikin mutum uku da Allah da kanSa zai yi husuma da su ranar ƙiyama akwai wanda ya ɗauki ɗan ƙwadago, ya karɓi cikakken aiki, ya hana shi ladansa. Hadisin Abu Zarri ya hana ɗora wa na ƙasa da kai abin da ya fi ƙarfinsa. Ibn Majah ya kawo umarnin biyan lada kafin gumi ya bushe. Ibn Khaldun kuma ya lissafa tilasta wa talakawa aiki ba lada cikin mafi munin zaluncin da ke rushe ƙasa, domin ƙarfin talaka shi ne dukiyarsa. Babin ijara yana nan a littattafan fiƙihu da muke karantawa. Abin da ya yi mana ƙaranci shi ne wanda zai je ya duba yadda ake aiki da babin a ƙofar ma'aikata, ya dawo ya faɗa.

Kuma ba baƙon al'amari ba ne a gare mu. Masaƙar Kaduna ta farko, wadda ta fara aiki a Kakuri a 1957, gwamnatin Jihar Arewa ta kafa ta ne tare da wani kamfanin saƙa na Lankasha, yankin da Gaskell ta yi rubutu a kansa. Wasu masaƙun suka biyo baya a Kaduna da Kano, dubban mutane suka baro ƙauyuka suka koyi tashi da jiniya da aikin dare. A 2002 ta farkon ta rufe, ma'aikatanta suka shafe shekaru suna bin haƙƙinsu, da yawa suka rasu ba su karɓa ba. Kafin su akwai leburorin kuza na Jos, waɗanda Turawa suka tara da tilas a lokacin yaƙin duniya na biyu, akwai kuma masu haƙar yuraniyom a Arlit. Marubutanmu sun iya zana wahala, tun daga bautar da ke cikin Shaihu Umar har zuwa zaluncin cikin gida da Balaraba Ramat Yakubu ta bayyana, amma ƙofar masaƙa da bakin rami kaɗan ne suka tsaya a wurin.

Saboda haka ina kira ga masu alƙalami a cikinmu, maza da mata. Tsofaffin ma'aikatan masaƙa suna nan da ransu a Kakuri da Makera da unguwannin Kano, matan waɗanda suka rasu suna nan, kuma shekaru suna tafiya da su. Ku je ku zauna da su, ku tambayi nawa ake biyansu, me ake yanka, yaya ƙirjinsu yake da dare, me ya faru ranar da aka kulle ƙofa. Ku nemi manajoji da masu jari su ma ku ji ta bakinsu, da abin da rashin wuta da kayan fasa-ƙwauri suka yi musu. Sannan ku rubuta da Hausar da mutanen nan za su karanta su ce haka aka yi. Allah Ya ba ku ikon yi, Ya kuma jiƙan waɗanda suka tafi da haƙƙinsu a hannun wasu.